Cin nama a addinin Hindu: Gujarat da Bengal ba bakinsu ɗaya ba

'Yar'uwa, kin tambaya ko cin nama zunubi ne a addinin Hindu, saboda kina so ki aika wa maƙwabciyarki Ba'indiya naman layya. Amsar ta danganta da gidan da ta fito, don haka bari in jera miki gida biyu.

Na farko gidan mutanen Gujarat ne, wata jiha a yammacin Indiya, masu bautar Krishna, ɗaya daga cikin allolin Hindu. Nama, kifi, har ƙwai ba sa shiga madafinsu, wasu ma ko albasa da tafarnuwa ba sa ci. Madara da man shanu kuwa sun sami gida. Hujjarsu ita ce ahimsa, wato kada ka cutar da mai rai, kuma sun yi imani alhakin ran da aka kashe dominka zai bi ka har rayuwa ta gaba. Tsohon littafin dokokin Hindu, Manusmriti, a babi na 5, ya lissafa mai ba da izini, da mai yanka, da mai sayarwa, da mai saye, da mai dafawa, da mai ci, ya ce duk makasa ne. A irin wannan gida, lallai zunubi ne.

Na biyu gidan mutanen Bengal ne, wani yanki a gabashin Indiya, masu bautar Kali, wata allahiya ta Hindu. Shinkafa da kifi ne tuwonsu, har gidajen Brahmin, wato zuriyar malaman addininsu, suna ci. A wurin bautar Kali na Kalighat da ke birnin Kolkata ana kawo bunsuru, a fille kansa da sara ɗaya, a kai naman gida a dafa. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, babi na 5 ɗin nan na Manusmriti dai ya halatta naman da aka yanka don ibada, har ya ce cin nama ba laifi ba ne, sai dai barinsa na da lada babba.

Inda muke kuskure a ganina shi ne neman hukunci ɗaya kamar na halal da haram. Su ɗarika da gida da yanki ne ke yanke magana. Binciken cibiyar nazari ta Pew da ke Amurka na 2021 ya nuna kashi 44 cikin ɗari na mabiya Hindu a Indiya ne suka ce ba sa cin nama.

A kan saniya ne gidajen biyu suka haɗu. Uwa suka ɗauke ta, kuma a binciken nan kashi 72 cikin ɗari sun ce mai cin namanta ba zai zama Hindu ba.

Saboda haka, don Allah idan sa kuka yanka, kada ko soye ya shiga gidanta. Idan rago ne, ki fara tambayarta. In ta ce ba ta ci, ki zuba mata alkaki ko cincin a kwano mai tsabta, amma ki tabbata ba a fasa ƙwai a kwaɓin ba, ba a kuma soya shi a man da aka soya nama ba.