Ƙwayar phentermine ta rage ƙiba: abin da na gani cikin mako takwas

Na sha ƙwayar phentermine mai miligiram 37.5 tsawon mako takwas bisa umarnin likita, kuma ba zan hana ta haƙƙinta ba, domin tana aiki. Tun rana ta biyu yunwa ta ɗauke mini kamar an yi ruwa an ɗauke, har nakan kai yamma ban tuna da abinci ba, sikeli kuma yana sauka duk mako.

Sai dai wannan ƙwaya, wadda hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita tun 1959, 'yar dangin amfetamin ce (ƙwayar nan mai zaburar da jiki da hana barci), kuma ba kitse take narkarwa ba. Abin da take yi shi ne ta ƙara yawan sinadarin norepinephrine, wanda jiki ke fitarwa lokacin firgita, sai mutum ya wuni cikin halin mai gudun ceton rai, shi kuwa mai gudu ba ya jin yunwa. A nan ne na ji a jikina. Bakina ya bushe, bayan gida ya yi wuya, barci ya ƙaurace mini ko da yake da sassafe nake haɗiyar ƙwayar, sannan na koma mai hasala a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Wani dare a mako na biyar ina kwance shiru, ban yi aikin komai ba, amma zuciyata tana dukan uku-uku har ina jin bugunta a kunne, yatsuna suna rawa a kan bargo. Washegari da aka auna ni, jinina ya hau.

Tsoron da na ji yana da tushe. A 1997 an janye fenfluramine, ƙwayar rage ƙiba da ake haɗa ta da phentermine, bayan an gano tana lalata marufan ƙofofin zuciya. A 2004 Amurka ta haramta kayan rage ƙiba da ƙara kuzari masu ɗauke da ephedra, wani tsiro mai zaburar da jiki. A 2010 kuma aka janye sibutramine, wata ƙwayar rage ƙiba, a Turai da Amurka saboda ƙarin haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Abin takaici, hukumomi sun sha gano sibutramine a ɓoye cikin shayi da ƙwayoyin rage tumbi da ake tallatawa a intanet da sunan ganye zalla.

Ita phentermine ta 'yan makonni ce kawai, kuma ba ta dace da mai ciwon zuciya, ko hawan jinin da ba a shawo kansa ba, ko mai juna biyu ba. Da likita ya dakatar da ni, kasala ta rufe ni kwanaki, yunwa ta dawo da ƙarfinta, wani ɓangare na nauyin kuma ya biyo ta. Ni dai ba zan sake shan ta ba, ko da an sake rubuta mini.