Uluru ko Mungo: wanne ya fi dacewa da ɗan gajeren hutu?

Ɗan'uwa da ke karatu a Melbon ya tambaya: yana son ganin ƙungurmin dajin Ostareliya, wuri mai ban sha'awa kuma mai tarihi, Uluru zai nufa ko gandun Mungo?

Malam, in don abin kallo ne, Uluru ba shi da na biyu. Falalen dutse ne guda ɗaya, ja wur, tsayinsa mita 348, kewaye shi a ƙafa kilomita 10 ne da 'yan kai. Kusa da shi ga duwatsun Kata Tjuta guda 36. Zuwa ba wuya, jirgi zai sauke ka a Yulara, garin da ke kusa da dutsen, titi kuma kwalta ne. Sai dai masauki da abinci akwai tsada, ga cunkoson baƙi. Kada ma ka sa ran hawa: an hana tun 26 ga Oktoba 2019, bisa buƙatar al'ummar Anangu, 'yan asalin yankin da aka mayar wa da wurin a 1985.

Mungo kuwa ba ya burge ido da farko. Busasshen tafki ne a jihar New South Wales, kimanin kilomita 110 daga garin Mildura, akasarin hanyar burji ce, da an yi ruwa sai a rufe ta. Amma tarihin a nan yake. A 1968 masanin ƙasa Jim Bowler ya gano ƙasusuwan wata mace da aka ƙone gawarta, a 1974 kuma na wani namiji da aka barbaɗa wa garin jar ƙasa kafin binnewa. Sun kai shekara 40,000. Wato tun wancan zamanin mutane na yi wa mamatansu sutura. A gefen tafkin akwai tudun yashi da laka mai tsawon kilomita 30 da ɗoriya, ana ce masa Ganuwar Sin, iska na zaizayar sa tana tono murhu da kayan aikin dutse. Ba a hawa sai da ɗan jagora, kuma ka nemi na 'yan asalin wurin, kuɗinka ba zai tafi a banza ba. Akwai kuma rumfar askin tumaki ta 1869 da leburori 'yan Sin suka gina da katako, har yau tana tsaye.

Ni dai Mungo zan ce maka, tunda tarihi ka ambata, kuma daga Melbon mota za ta kai ka. Babu gidan mai a ciki, sabis ɗin waya sai an dace, don haka ka cika tanki a Mildura, ka ɗebi ruwa da guzuri. Kada ka yi tuƙin magariba, lokacin ne kangaru ke faɗowa hanya. Ko wanne ka zaɓa, ka bari sai tsakanin Mayu da Satumba. Zafin Janairu yakan haura digiri 40.