Sifirin ɗin wasa na roba: ruwan zafi ya gyara lanƙwasa, gam ya kasa riƙe karaya

Maganata kan sifirin ɗin wasan nan ne na roba mai launi kala-kala, wanda ke cika teburan masu kayan yara a Damagaram duk sallah. Kuɗinsa kun sani. Asalin sunansa Slinky, murɗaɗɗen abu ne mai zobba da yawa wanda ke sauka matakala da kansa. Wani injiniyan jiragen ruwa na Amurka, Richard James, ya ƙirƙiro shi a 1943, aka fara sayar da shi a birnin Filadelfiya a 1945, na ƙarfe mai zobba 98. Wanda ke zuwa mana nan kwaikwayo ne, ko sunan kamfani babu a jikin ledarsa.

Wanda ya shigo hannuna faɗinsa santimita 8. Kwana biyu ya yi a hannun yara ya koma kamar igiyar guga da awaki suka tattake: ya sarƙe wuri uku, zobba biyar sun buɗe baki sun ƙi komawa. Da ganinsa na yanke masa hukuncin bola. Ashe da sauransa.

Sarƙewar ba ta da wuya idan an gane dalilinta. Sifirin murɗinsa gefe ɗaya yake bi daga farko har ƙarshe, kamar tufkar igiya. In zobe ɗaya ya tsallake maƙwabtansa, a daidai wurin murɗin yake juyawa baya, irin abin da wayar tarho ta da take yi. To, ja ba ya kwance wannan. Ja ne ma yake mayar da sarƙewa lanƙwasa, kuma shi kowa ke fara yi. Abin yi shi ne a zura ɓangaren da yake lafiya, mai tsawon, a hannu kamar awarwaro don kada ya sake shiga rikicin. Sai a kama guntun ɓangaren a riƙa juya shi gaba ɗayansa, a hankali. Ƙullin zai riƙa tafiya zobe bayan zobe har ya faɗi ta bakin ƙarshe. In aka ga yana ƙara tsukewa, an juya ba daidai ba ne, a koma ɗaya gefen. A fara da ƙullin da ya fi kusa da baki, kada a taɓa na tsakiya sai an gama da shi. Uku ɗin nan ba su ci minti goma ba.

Inda ya ba ni mamaki shi ne zobban da suka buɗe. A nemo gwangwanin lemo na santilita 33, faɗinsa wajen santimita 6 da rabi, yana shiga cikin sifirin ɗin daidai. A cika shi da yashi don kada ya yi iyo. A zura sifirin, a matse zobban su kwanta kan juna ƙam, sannan a ɗaure da tsumma wuri uku, daga sama ya zagayo ƙasa. Kada a ɗaure da zare ko waya, in robar ta yi laushi za su yi mata shaida. Ruwa kuma ba tafasasshe zalla ba: kofi uku na tafasasshe, kofi ɗaya na randa, zafin zai sauka wajen digiri 80. A tsoma minti biyu zuwa uku, a ciro, a ƙara matsewa da tafin hannu bisa tsumma, a tsoma cikin ruwan sanyi yana ɗaure. Nan ne sirrin. Roba a yanayin da ta huce take zama, wanda ya kwance ɗaurin tana da ɗumi ya yi aikin banza. Daga nan a ɗora masa bulo ya kwana.

Da safe zobba huɗu cikin biyar sun kwanta lub, ko takarda ba ta shiga tsakaninsu. Wallahi ban zaci haka ba daga kayan da bai kai kuɗin farantin shinkafa da wake ba. Na jera bulo hawa uku, tunda gidajenmu ba na bene ba ne, kuma wannan abin ba ya tafiya sai da matakala ko allon katako a jingine. Ya sauka ɗaya, biyu, uku, kamar sabo. A lokacin da an tambaye ni, cewa zan yi kowa ya saya.

Sai zobe na biyar ya ɓata lissafi. Tun farko akwai farin tabo a jikinsa, daidai inda ya lanƙwashe. Farin nan ba datti ba ne, robar ce ta tsage daga ciki, kuma ruwan zafi ba ya ɗinke tsaga. Sauka ta huɗu ya ce ƙaras, ya rabu biyu. Kuma da na kwance tsumman farko na ga ya rine ja da shuɗi: ashe launin fesawa aka yi a waje, robar kanta fara ce fat. Yaro ƙarami da ke kai komai baki, wannan fentin ina zai tafi? Nan raina ya ɓaci da masu kawo irin wannan kaya. Robar siririya ce ƙwarai, in ka ɗaga zobe ɗaya wajen rana kana hango haske ta cikinsa. An yi shi ne ya kai ƙarshen yawon sallah, shi ke nan.

Karaya dai ba ta da magani na kirki. Gam mai saurin kamawa bai riƙe ba, don bakin karayar bai fi kan tsinke ba, kuma wurin yana miƙewa yana tsukewa duk sauka ɗaya. Narkewa da ƙusa mai zafi yana haɗawa, amma yana barin ƙulu, ƙulun ya hana zobba kwanciya, sifirin ya riƙa ɗingishi yana faɗuwa gefe. Abin da ya rage shi ne a haƙura a bar shi biyu, a goge bakunan da magagari ko a kan siminti har su daina tsini, don robar in ta karye kaifi gare ta kamar kwalba. Dogon ɓangaren yana ci gaba da sauka bulo. Guntun ba shi da nauyin da zai ja kansa, sai dai wasan hannu.

Masu na ƙarfe, kada ku wahalar da kanku da ruwan zafi, ba ya yi masa komai. Kada kuma a kai shi wuta. Kowane maƙeri ya san ƙarfen da aka gasa ya yi ja ya huce a hankali laushi yake yi, ba ya sake tsalle. Da yatsu ake yi, a naɗe da tsumma, a lanƙwasa zoben baya ya ɗan wuce daidai kaɗan, a saki, a duba, a sake. Ƴar ƙofa takan rage, amma yana tafiya. In ya ƙi, a yanke wurin da awartaki a goge baki. A kuma raba shi da soket ɗin kuran, wato wutar lantarki, ƙarfe ne tsirara.

Zafinmu ma abokin gaba ne ga na roba. A watan Afrilu da Mayu, da rana ke wuce digiri 40, wanda aka bari a miƙe cikin mota ko aka rataye a ƙusa bisa kwano zai yi wa kansa irin gyaran ruwan zafin nan, amma a buɗe. A ajiye shi a tsuke, a inuwa, cikin gwangwanin madara mai murfi. Na sake saye? Wannan siririn dai a'a. In na ga mai kauri, wanda launinsa ya ratsa cikin robar, zan karce shi da farce a gaban mai tebur kafin in miƙa kuɗi.