Asibitin Gaggawa na Dabbobi da Kyanwa Mai Farfaɗiya: Aiki Ya Yi Kyau, Bayanin Kuɗi Ya Gaza

Duk wanda zai kai kyanwa mai farfaɗiya asibitin dabbobi na gaggawa da tsakar dare ya kamata ya san cewa kuɗin da zai biya kashi biyu ne, ko da kuwa a takarda ɗaya aka haɗa masa su: akwai kuɗin tsayar da farfaɗiyar, akwai kuma kuɗin binciken abin da ya haddasa ta. Na farkon ba ya jiran gari ya waye, na biyun kuwa mafi yawansa yana iya jira. Asibitin da na kai tawa kyanwar ya yi aikin farko yadda ba ni da abin cewa, amma da aka zo bayanin kuɗi sai ya cakuɗa biyun wuri guda, kuma a nan ne yabona da ƙorafina suka raba hanya.

Ba kowace farfaɗiya ce ke bukatar a fita da dare ba. Galibi takan lafa da kanta cikin minti 1 zuwa 3, kyanwar ta tashi tana tangaɗi, ta ɗan jima kafin ta dawo hayyacinta. Abin da likitoci suka ɗauka a matsayin gaggawa shi ne farfaɗiyar da ta wuce minti 5 ba ta tsaya ba, ko wadda ta maimaitu sau 2 ko fiye cikin awa 24, ko kuma kyanwar ta sake faɗuwa tun ba ta gama farfaɗowa daga ta farko ba. Tawa tana cikin rukuni na ƙarshe: ta kwanta a gefe ɗaya tana shure-shure, muƙamuƙinta yana taunar iska, yawu yana dalala, fitsari ya kufce mata, baƙin idonta ya buɗe har ya kusa cika idon. Ma'aikaciyar da ta ɗauki waya ta yi tambayoyi uku kawai, wato tsawon lokacin da abin ya ɗauka, ko ya maimaitu, da ko an shafa mata wani maganin ƙuma kwanan nan. Daga nan ta ce kada a sa mata hannu a baki, domin ba ta haɗiye harshenta, sai dai ta yi cizo ba da saninta ba. A rage haske da hayaniya, a ɗauki bidiyo idan hali ya yi, a naɗe ta da tawul a taho. Wannan shawara kyauta ce, kuma bidiyon ya amfani likita fiye da duk bayanin da zan iya yi da baki.

Da isarmu aka karɓe ta aka shige da ita ciki tun kafin a miƙo mini takardar cikewa. An aske ɗan gashi a ƙafarta ta gaba, aka sa mata robar allura a jijiya, aka ba ta midazolam, maganin tsayar da farfaɗiya, aka ɗiga jini aka duba sukari nan take, aka auna zafin jiki. Zafin jikin kyanwa lafiyayya yana tsakanin digiri 38 da 39 ne da ɗan ɗoriya, amma doguwar jijjiga tana ɗaga shi har ya kai ga illata ƙwaƙwalwa, shi ya sa ake gaggawar tsayar da ita. Kuɗin ganin likita a wannan lokaci ya fi na rana nesa ba kusa ba, kuma ban ga laifinsu ba, domin abin da ake biya shi ne likita da mataimakansa da suka kwana ido biyu, da iskar oksijin, da na'urorin gwajin jini da ke ba da sakamako a wurin ba sai an aika wani gari ba.

Matsalar ta fara ne da takardar ƙiyasi. An kawo mini ita da adadi biyu, na ƙasa da na sama, tazarar da ke tsakaninsu kuwa ta isa ta sa mutum ya zauna, sannan aka ce sai an ajiye kuɗin kafin alƙalami kafin a ba ta gado. Layukan cike suke da gajerun sunaye irin na ma'aikata, kuma hoton ƙwaƙwalwa na MRI da ɗibar ruwan lakar gadon baya domin gwaji suna jere a tsakanin ƙarin ruwa da gwajin jini kamar duk matsayinsu ɗaya. Mutumin da hankalinsa ya tashi, yana jin dabbarsa tana bayan ƙofa, abu biyu ke gabansa idan ya ga irin wannan takarda: ko ya sa hannu a kan abin da ba zai iya biya ba, ko ya karaya ya fara tunanin a yi mata allurar hutawa, wato wadda za ta ɗauke ranta ba tare da wahala ba, alhali ciwon nata mai magani ne. Na nemi a kira mini likitan, na ce masa, "Likita, a cikin waɗannan wanne ne idan ba a yi shi a daren nan ba ranta zai shiga haɗari?" Ya ja kujera, ya ɗauki biro, ya yi alama a kan wasu layuka, ya ce, "Malam, waɗannan na yau ne, sauran kuma a bari mu ga yadda ta kwana." Adadin ya sauko ƙwarai. Bai ɓoye komai ba, bai kuma matsa mini ba, amma wannan rarrabewa aikinsu ce tun farko, bai kamata ta dogara ga ko mai dabba ya san tambayar da zai yi ba.

Abin da ya yi wa alama ya cancanci kuɗinsa. Farfaɗiya a kyanwa sau da yawa tushenta ba a cikin ƙwaƙwalwa yake ba: faɗuwar sukari, musamman ga wadda ake yi wa allurar insulin, ciwon hanta, gazawar ƙoda, ƙarancin sinadarin kalsiyam, da hawan jini ga tsofaffin kyanwoyi, duk suna iya jawo ta, kuma gwajin jini da awon hawan jini suna tona yawancinsu da kuɗi kaɗan idan aka kwatanta da hoto. Tambayar maganin ƙuma ma da dalilinta. Wasu magungunan da ake ɗiga wa karnuka a ƙeya suna ɗauke da sinadarin permethrin, wanda hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, har goguwa da karen da aka shafa wa kan iya sa ta karkarwa da farfaɗiya. Idan haka ne, hanyar magani ta sauya baki ɗaya: wanka da ruwan ɗumi da sabulu, maganin sassauta tsoka, ƙarin ruwa, da kwanciyar da kan ɗauki kwanaki, kuɗin kuma ya koma kan jinya maimakon bincike.

Shi kuwa hoton MRI tsadarsa daga wurare da dama take fitowa, domin kyanwa ba ta kwanciya shiru sai an sa ta barci, ga na'urar kanta, ga ƙwararren da zai karanta hoton. Ba na cewa ɓarnar kuɗi ne. Farfaɗiyar da ba a gano musabbabinta ba ta fi yawa a karnuka fiye da kyanwoyi, don haka likita yana da hujjar zargin wani abu a ɓoye, kamar kumburin ƙwaƙwalwa daga cutar FIP ko toksofilasma, waɗanda ƙwayoyin cuta ke haddasawa, ko ƙari, wato tsiro a cikin kai. Ga tsohuwar kyanwa musamman, ƙarin da ya fi yawa a kanta shi ne wanda ke tsirowa a fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, kuma sau da yawa ana iya cire shi ta hanyar tiyata. Tambayar da ta dace ita ce ko sakamakon hoton zai sauya maganin da za a ba ta, da kuma ko mai ita yana da halin bin abin da hoton zai nuna. Tawa matashiya ce, jininta ya fito lafiya, da ta farfaɗo kuma ba a ga wata alamar rauni a tafiyarta ko ganinta ba, sai muka amince a fara magani a jinkirta hoton.

Kwanciyar da ta yi ita ce ta ci kaso mafi girma na abin da na biya a ƙarshe. Sun ɗaura mata ɗan ƙararrawa a wuya domin ko ma'aikaciya ta juya baya ta ji idan jijjiga ta dawo, sun kuma shimfiɗa tawul a gefunan kejin saboda buguwa. Rasit ɗin ya lissafa kowace allura da kowace ledar ruwa, abin da kan ɓata rai a karatun farko amma yana ba da damar bin diddigi. Jimillar ba ta wuce abin da muka yi yarjejeniya a kai ba, kuma da suka so ƙara gwaji ɗaya da safe sai da suka kira ni suka faɗi farashinsa tukuna.

Inda suka sake yin shiru shi ne kuɗin da ke biyo baya. An sallame ta da fenobabital, sau 2 a rana, wanda shi ne maganin da aka fi farawa da shi ga kyanwa, kuma ƙwayar kanta ba ta da tsada. Sai dai ana bukatar auna yawansa a jini bayan mako 2 zuwa 3 da farawa, sannan a riƙa maimaitawa tare da gwajin hanta kamar kowane wata 6, ga shi ba a yanke shi farat ɗaya, domin hakan kan tayar da farfaɗiya mai tsanani. Idan bai wadatar ba akan ƙara lebetirasitam, wanda galibi sau 3 ake bayarwa a rana kuma ya fi tsada. Takardar sallamar ta yi kyakkyawan gargaɗi cewa kada a ba ta maganin mutane irin su farasitamol, wanda guba ne ga kyanwa, kada kuma a ara mata na kare, tunda gishirin buromaid da ake ba karnuka yana kumbura huhun kyanwa, amma ba ta ambaci ko kalma ɗaya a kan abin da wannan jinya za ta ci a shekara ba. Wanda yake tunanin yin inshora bayan faruwar abin ya sani cewa kamfanoni ba su cika ɗaukar ciwon da ya riga ya bayyana ba. Gwaje-gwajen bibiya dai ba sai a sashen gaggawa ba. Na nemi su tura sakamakon jini da bayanan jinya ga likitanmu na yau da kullum, suka tura a ranar ba tare da ƙarin caji ba, a can kuma ake ci gaba da duba ta a farashin rana.