Ajin IELTS na WhatsApp: dare ɗaya ne kawai ya fanshi kuɗina

Masu turo min saƙo ta bayan fage kuna tambaya ko ajin nan na shirin IELTS, wato jarrabawar gwada iya Turanci, ya cancanci kuɗinsa, ga amsarku gaba ɗaya, don na gaji da maimaitawa. Ba zan kama suna ba. 'Yan uwana ma'aikatan jinya na Kano masu neman tafiya Ingila sun san wanda nake nufi, tallarsa ta ishi kowa.

Abin da ya kai ni ba ɓoyayye ba ne. Hukumar NMC, mai yi wa ma'aikatan jinya rajista a Birtaniya, ba za ta yi maka rajista da IELTS ba sai ka kawo maki 7 a sauraro da karatu da magana, 6.5 a rubutu, kuma bayan shekara 2 sakamakon ya tashi aiki. Ni ɓangaren magana ne ke kaɗa min hantar ciki: minti 11 zuwa 14 daga kai sai mai jarrabawa, babu wurin ɓuya.

Malamin da ke da ajin yana da aƙida guda. A wurinsa ƙananan kalmomi ba sa kawo maki, don haka ya raba mana takarda mai layi biyu, hagu kalmar talakawa, dama kalmar manya. Kada ka ce big, ka ce enormous. Kada ka ce look at, ka ce stare at. Muka bi muka haddace kamar karatun allo, babu wanda ya tambayi dalili, tunda mun biya kuɗi kuma Malam yana magana da ƙarfin gwiwa.

Sai wani daren Asabar aka kawo mana baƙuwa ta yi mana gwajin magana, wata Anti 'yar Zariya da ta daɗe tana aikin jinya a Leeds. Ta tambayi wata ƙawarmu yadda take mu'amala da marasa lafiya. Baiwar Allah ta gyara murya ta ce: "I always stare at my patients when they are talking." Anti ta yi shiru, har muka ɗauka layi ne ya yanke. Can sai ta ce, "Ƙanwata, wa ya koya miki wannan?" Babu wanda ya yi tari. Malam yana kan layi.

Wallahi abin da ya biyo baya shi ne darasi mafi amfani da na samu tun da na fara shirin nan. Ta ajiye gwajin gefe. Ta ce abin da ƙawarmu ta faɗa, a kunnen Bature, shi ne tana ƙura wa marasa lafiya ido ba ƙiftawa har sai sun tsargu. In ka ce wani yana stare at mutum, ƙorafi kake yi, ba yabo ba. Iyaye mata a can suna kwaɓar yaro a cikin bas da "It's rude to stare" in ya kafa wa mai keken guragu ido. In kuwa ƙato ya juyo ya ce maka "What are you staring at?", ba amsa yake nema ba, rigima yake nema, ka kau da kai ka yi gaba. Ta ce a 2021 hukumar sufurin Landan, Transport for London, ta manna takardu a jiragen ƙarƙashin ƙasa masu cewa ƙura wa mutum ido da manufar batsa cin zarafi ne, kuma akwai lambar 'yan sandan jiragen ƙasa, 61016, da ake tura wa saƙo a kai ƙara. Kalmar da aka rubuta ɓaro-ɓaro a saman takardar ita ce wadda Malam ya sa muka haddace don mu burge mai jarrabawa.

Daga nan ta shiga rarrabe mana. Uwa da ke kallon jaririnta cike da so, ko mai kallon taurari, gaze at ne. Harara glare at ce. Ɗan kallon da za ka yi wa agogo ka ɗauke kai glance at ne. Shi kuma stare at bai zama laifi ba in abu ne ba mutum ba: wanda ya zura wa silin ido don barci ya ƙi zuwa, ko wanda ya tasa kwamfuta a gaba ya kasa rubuta komai. In tunani ya tafi da mutum, ido a buɗe amma ba ya ganin kowa, sai su ce staring into space. In kuma amsa tana gabanka ka kasa gani, su ce tana staring you in the face, a nan babu at ɗin ma. Wata ta tambaya ko ana cewa he stared me kawai. Anti ta ce a'a, sai dai stared me down, wato ya kafe ka da ido har kai ka fara sunkuyarwa.

Inda ta gama saye ni shi ne da ta kawo maganar cikin asibiti. Ta ce in uwa ta kawo yaro ta ce yana tsayawa cak yana staring na 'yan daƙiƙoƙi, ana kiransa ba ya amsawa, sannan ya dawo kamar ba a yi ba, to kada mu ɗauka rashin kunya ake faɗa mana. Akwai nau'in farfaɗiya da ke zuwa a haka, babu faɗuwa babu jijjiga. Mun karanta wannan a makaranta, amma ban taɓa jin yadda uwa Baturiya za ta faɗe shi da bakinta ba. Ta kuma ja mana kunne ta ɗaya gefen. Mu an tarbiyyantar da mu mu sunkuyar da kai gaban babba, su kuwa in kana magana da mutum ba ka kallon idonsa sai ya ɗauka ba ka saurare ko kana ɓoye wani abu. Ka kalla, ka gyaɗa kai, ka ɗauke ido, ka dawo. Abin da ƙawarmu take son faɗa ke nan tun farko, kuma make eye contact ya ishe ta.

Daren nan na kwanta ina cewa ko nawa na biya ya halatta. Har na tura wa mutum biyu lambar Malam, Allah Ya yafe min.

Don da gari ya waye na shiga neman rikodin darasin, babu shi. Na tambaya, aka ce wayar Malam ta cika ne ba a ɗauka ba. Darasin da ya karanta mana ka'idojin biyan kuɗi kuwa yana nan daram an maƙale shi a saman guruf. Na ce to yaushe Anti za ta dawo? "In sha Allahu muna kan magana." Har ajin ya ƙare ba mu sake jin muryarta ba, alhali a talla an rubuta cewa malamai daga Ingila ne za su riƙa koyarwa. Malamai, jam'i.

Abin da ya fi ƙona min rai, takardar nan mai layi biyu ba a taɓa ta ba. Wata ƙanwar ƙawata ta shiga zubin da ya biyo bayan namu, ta turo min hoton tata: look at a hagu, stare at a dama, ko waƙafi ba a canza ba. Mutum yana kan layi aka warware masa kuskure a gaban ɗalibansa, bai ce uffan ba, kuma ya ci gaba da sayar da shi. Na yi masa magana ta gefe cikin ladabi, na ce Malam ko za a gyara wurin nan. Ya ce min Turancin jarrabawa daban, Turancin titi daban. Ga rubutun gwaji da muke turawa sai ya yi kwana da kwanaki kafin a duba, a dawo maka da "good, improve vocabulary" kawai, ba ka san inda za ka kama ba.

Na nemi a mayar min da kuɗin wata na ƙarshe tunda rabin darussan ba a yi su ba. An karanta saƙon, alamar shuɗi ta fito, shiru har yau. In akwai wadda ke da lambar Antin nan ta Leeds, don Allah ta tambaye ta ko tana koyarwa ita kaɗai, ni a shirye nake in biya ta kai tsaye.