Ulun da na saya don ƙarasa suwaitar Baba

Shekara uku suwaitar nan ta yi a ƙasan akwatina. Na fara ta ne a hunturun 2022, da ulun da matar yayana ta kawo min tsaraba daga Ingila, dunƙule goma masu giram hamsin-hamsin, ruwan toka mai duhu. Baba na yi wa niyya. Wanda ya san Jos ya san yadda sanyin Disamba da Janairu ke ratsa ƙashi, kuma Baba ba ya fashin sallar asuba a masallaci, da ƙafa yake zuwa. Na gama baya, na gama gaba, na gama hannu ɗaya, ban yi nisa da hannu na biyu ba zare ya ƙare. Daga nan haihuwa ta zo, jego ya biyo baya, sai goyo, sai na ninke ta na ajiye da kibiyoyin a soke a jikinta.

Bana da na ga tafiyar Baba ta fara nauyi, na ce ko ana ha-maza-ha-mata sai na ƙarasa ta kafin sanyi ya sauka. Sai neman zare ya zama aiki. Ulun da ya cika kasuwanninmu na roba ne, wanda muke yi wa jarirai hula da safa da shi. Tumakinmu kuwa, 'yan ƙasa da uda da balami, gajeren gashi gare su, ba a yin ulu da shi, don haka na gaske sai dai a shigo da shi daga waje. Na zaga kasuwar Taminus sau biyu ban samu ba. A ƙarshe wata ƙawata ta haɗa ni da wata mai sayar da kayan saƙa a Instagram, a Abuja take. Ba zan kama suna ba.

Gaskiya da farko ta burge ni. Na tura mata hoton zaren, ta ɗauko kala uku ta jera a rana ta yi min bidiyo, na zaɓi wanda ya fi kusa. Na biya da safe, washegari da la'asar direba ya kira ni in zo tasha in karɓa. Dunƙule huɗu na saya, kuma kun san kuɗin irin wannan ulun a yanzu, ba sai na faɗa ba. Da na buɗe ledar na shafa shi, laushinsa ya fi na tsohon nawa. Na yanki ɗan guntu na kyasta masa ashana: ya yi ƙaurin gashi kamar ana babbakar kan rago, tokarsa ta murmushe a yatsana. Na roba narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri. Nan na tabbatar gashin tunkiya ne zalla, ba ta yi ƙarya ba a wannan. Kalar ta ɗan fi tsohon haske, amma wannan ban riƙe ta da shi ba, tunda ko kamfani ɗaya ne, rinin yau da na bara ba sa zama ɗaya.

Abu guda na tambaye ta, kuma saƙon yana nan a wayata. Na ce, "Hajiya, ya wankinsa yake? Don wanda na fara da shi ana wanke shi ba ya komai." Ta ce, "Anti, wanke abinki kamar kowane ulu, ko a inji ma babu matsala." Zaren ya zo ba takardar da ake naɗe dunƙule da ita, wai manyan ƙulli take sarowa tana rarrabawa. To da me zan ƙaryata ta?

Sati biyar na yi ina saƙa bayan isha'i, idan yara sun kwanta. Na warware ɗan abin da na fara na hannu na biyu, na sake shi gaba ɗaya da sabon zare don kada a ga gaɓa a tsakiya. Da shi kuma na yi wuya, na yi bakin ƙasa. Daren da na cire kibiya ta ƙarshe, na shimfiɗa suwaitar a kan gado na daɗe ina kallonta. Wanda bai taɓa ajiye aiki shekara uku yana damunsa a rai ba, ba zai gane abin da na ji ba. Sai na ga tunda ta daɗe a akwati tana warin ajiya, bai kamata in miƙa wa Baba haka ba.

Na ɗumama ruwa saboda sanyi, na zuba garin sabulu, na jiƙa ta, na cuɗa kamar yadda muke cuɗa kowane wanki. Tun tana cikin bahon na ji hannu ɗaya ya fara nauyi a tafina. Na ɗauka ruwa ne ya sha. Na ɗauraye da ruwan famfo mai sanyi, na ɗaga ta, sai gabana ya faɗi. Hannun dama yana nan yadda yake, inci 23. Na hagu ya koma inci 16, ya yi kauri, ya yi tauri, ba ka ganin ko ido ɗaya na saƙar, ya zama kamar an yanko shi daga darduma. Wuyan ya tsuke har kan ɗana ɗan shekara biyu da ƙyar zai shiga. Bakin ƙasa ya tattare jikin rigar kamar bakin jaka. Na zauna a bakin rariya da ita a cinyata, ruwa na jiƙa min zani, na yi kuka sosai.

Daga baya na bincika na gane abin da ya faru. Kowane silin gashin tunkiya yana da ƙananan ɓawo a jikinsa kamar na kifi, ido ba ya gani. Idan ruwan zafi da sabulu da cuɗa suka haɗu, ɓawon nan sai ya buɗe, silin gashin su sarƙe da juna su cure, kuma idan sun cure shi ke nan, ba sa komawa. Sauya ruwa daga zafi zuwa sanyi ƙara masa yake. Tsohon ulun nawa an gyara shi tun a masana'anta, an rage masa ɓawon an kuma shafe shi da wani siririn sinadari, shi ne wanda ake rubuta wa superwash a takarda. Na wannan baiwar Allah ba a yi masa haka ba. Irinsa da ruwan sanyi ake wankewa, a hankali, a matse ba tare da murɗawa ba, a shimfiɗa ya bushe a kwance. Jimla ɗaya ce da ta faɗa min ita da ba a yi haka ba. Na san ya kamata in saƙa ɗan ƙyalle in wanke in gani tukuna, kuma na karɓi wannan. Amma na tambaya, an ba ni amsa.

Na tura mata hoto. Kwana biyu ba ta buɗe ba. Da ta buɗe sai ta ce, "Ayya Anti, ƙila ruwan ya yi zafi da yawa ne, babu wanda ya taɓa kawo ƙorafi." Ko haƙuri na kirki ba ta ba ni ba, balle a yi maganar kuɗi. Ni ba kuɗin ne ma ya dame ni ba. Saƙar da ta cure ba ta warwaruwa, ba za ka iya zaro zaren ka sake ba.

Na kai wa Baba ita haka nan don ya ga ban manta da shi ba. Ya juya hannun da ya lalace, ya matsa shi da yatsu, ya ce, "Uwata, ai wannan dara kika yi." Maganar ta tsaya min a rai. Ashe jar darar da dattawanmu ke naɗa rawani a kai, wadda aka daɗe ana kawowa daga Tunis, haka ake yin ta: a saƙa ta ƙatuwa da ulu, a buga ta a ruwa da sabulu har ta tsuke ta cure, sannan a taje ta a rina ta. Abin da ya ɓata min riga, sana'a ce ta ɗaruruwan shekaru a wurin wasu.

Ina da ragowar dunƙule ɗaya da rabi. Na saƙa hula babba sakwa-sakwa da kibiya mai kauri, har tana rufe min fuska. Na sa ta a ruwan zafi da sabulu da gangan, ina cuɗawa ina dubawa, ina tsoma ta a ruwan sanyi ina mayarwa. Wajen minti arba'in ta dawo daidai kai. Na kifa ta a kan wata 'yar roba mai faɗin kan Baba ta kwana biyu ta bushe. Wallahi hular nan ta yi kyau. Iska ba ta ratsa ta, ba ta ƙaiƙayi, ta tsaya cak kamar ta kanti. A nan dole in yi wa zaren adalci: ga mai son irin wannan aikin na curewa, hula ko jaka ko takalmin ɗaka, ban taɓa riƙe ulu mai kyansa ba. Har na ji zuciyata ta yi sanyi, na fara tunanin in ƙara sayen wani.

Sai na shiga shafin mai sayar da zaren. Ga ulun nan dai, irinsa sak, an ɗora hotonsa kusa da kayan jarirai, an rubuta wai ana wanke shi a inji. Bayan na nuna mata abin da ya yi! Kayan jariri da ake wankewa kusan kullum, da ruwan ɗumi? Wata za ta kwashe wata biyu tana saƙa wa jikanta, a wankin farko ya ƙanƙance. Na yi mata magana a ƙarƙashin hoton cikin ladabi, kafin magariba ta goge. Don haka ni da ita mun gama ciniki, ko da ita kaɗai ke da shi a ƙasar nan.

Suwaitar kuwa, almakashi na sa na yanke hannun hagu da wuya da bakin ƙasa. Na warware hannun dama, wanda na saƙa ina da cikin wata bakwai, na jiƙa zaren ya miƙe, na yi sabon wuya da shi, na bi bakin kafaɗu da ƙasa. Ta koma falmaran. Baba yana sa ta a ƙarƙashin babbar riga, da hular a kansa, ya tafi asuba. Hannuwansa dai har yanzu a waje suke, kuma don su na fara saƙar tun farko.