Kafin ka sayi injin fasa gungume: wanne ne zai iya da madaci da doka?

Mai neman injin sarƙa (chainsaw) da zai riƙa fasa gungume yana fitar da katako a inda bishiya ta faɗi, abin da ya kamata ya fara dubawa shi ne ƙarfin injin, kuɗi ya biyo baya. Yanka itace a gicciye aikin 'yan daƙiƙoƙi ne. Fasa shi a tsaye kuwa, inji zai yi mintuna yana kuka a cike ba hutu, kuma itatuwan ƙasar Zazzau irin su madaci da doka da ƙirya ba su da sauƙin kai.

Ƙananan injinan ƙasar Sin masu cc (awon girman inji) 52 ko 58, waɗanda suka cika shaguna a Sabon Gari, suna da araha, sun kuma isa wajen sassabe da yanka itacen girki. Ka ɗora ɗaya a kan gungumen madaci mai kaurin ƙafa biyu, zai yi zafi, fistin ya ci, kuɗinka ya tafi wurin makaniki. Idan bishiyar turare ko dalbejiya marasa kauri za ka riƙa fasawa jefi-jefi, mai cc 70 da 'yan kai, irin Stihl MS 382 ko Husqvarna 372 XP, zai yi.

Wanda zai mayar da abin sana'a, zaɓinsa na tsakanin biyu ne. Akwai Stihl MS 661 mai cc 91: yana da gudu, bai cika nauyi ba, amma yana da tsada kuma na'urar lantarkin da ke cikinsa ba kowane makaniki ke gane ta ba. Akwai kuma tsohon nan Stihl 070 mai kusan cc 106, wanda ofaretoci suka fi sabawa da shi. Nauyi gare shi, ya haura kilo 10 tun ba a sa masa ƙarfen sarƙa ba, yana girgiza hannu, yana shan fetur. Sai dai ƙarfin jansa a cikin itace mai tauri ba ya raguwa, kayan gyaransa kuma ba sa wuyar samu. Ni dai shi zan zaɓa. Babbar matsalarsa: jabunsa ya yi yawa, launi ɗaya, tambari ɗaya. Na hannu na asali ya fi sabo na jabu, don haka ka tafi da ofareta wanda ya san kukan injin, a cire salansa a leƙa fistin kafin ka biya.

Sai firam, wato ƙarfen da ake ɗaure wa inji don ya bi layi. Ofaretoci da dama da ido suke fasawa, su ja layi da igiya da baƙin mai. Gwani yakan fitar da katako mai kyau a haka, amma kauri ba ya zuwa daidai, kafinta ya yi ta fama wajen gogewa, a 'Yan Katako kuma a rage maka kuɗi. Firam na alminiyam da ake shigowa da shi ba shi da nauyi, yana da awon inci a jiki. Na mai walda ya fi araha, in dai ya fito a miƙe. Ka tuna firam yana cinye 'yan inci daga tsawon ƙarfen sarƙa, mai inci 36 ba zai fasa faɗin da ya wuce kamar inci 30 ba. Yankan farko kuma yana buƙatar miƙaƙƙen tsani ko katako a saman gungumen.

Sarƙar fasa daban take da ta yanka. Ana wasa haƙoranta a kwanar digiri 10 maimakon 30, shi ya sa fuskar katakon ke fitowa sumul. Ka sayi biyu ko uku da magagari, domin yashin da ke maƙale a ɓawo yana dakushe su nan da nan, bishiyar cikin gari kuma ba a raba ta da tsohuwar ƙusa. Man da ake gauraya wa fetur ma kada a yi masa rowa: Stihl ta ce kashi 1 cikin 50 da manta na asali.

Akwai lissafin da mai shago ba zai yi maka ba. Kowane yanka na sarƙa yana mayar da milimita 8 zuwa 10 na itace gari, zarton bel na injin somil (masana'antar fasa katako) kuwa kamar milimita 3 yake ci. Idan gungumenka na bakin titi ne, mota za ta iya ɗauka, kai shi somil ya fi riba, musamman in katako mai inci ɗaya kake so. Injin sarƙa ya fi amfani a gona ko daji inda mota ba ta shiga, sai ka fitar da masu kauri a ƙarasa su a gari. Kafin a sare komai, a nemi izinin ma'aikatan gandun daji. Madobiya kuwa tana ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasa da ƙasa da ke taƙaita cinikin dabbobi da itatuwan da ke fuskantar barazanar ƙarewa, tun 2016, ka nisance ta. In aikin ya faɗo a hunturu, ka shafa fenti a bakin kowane katako, ka jera su a inuwa da 'yan sanduna a tsakani, in ba haka ba iska za ta tsattsaga su.